Haɗin Manya a Kwanukan Suwaibatu

Idan abincin Sallah ya ɓaci, sunan wa kuke kira: wanda ya ɓata shi, ko matar da kwanon yake nata? Kada ku yi saurin amsawa. Na san amsar da za ku bayar a gaban mutane, na kuma san wadda kuke bayarwa a tsakar gida bayan kun tofar da loma. Ku bari in ba ku labarin Gide, mijin yayata, da abin da ya laƙaba wa suna Haɗin Manya.

Yayata Suwaibatu mai suyar cincin ce a unguwarmu a Ƙanƙara. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofar gida. Tallarta ɗaya ce a shekara, wato kwanukan da take rabawa ranar Ƙaramar Sallah. Kowane kwano nata yana da ɗigon koren fenti a gindi, kamar yadda kowace mace a unguwar take da tata alamar don kada kwano ya ɓace a yawon Sallah. Duk gidan da aka juya kwano aka ga koren ɗigo, an san daga hannun wa ya fito. Bana kuwa kwanon ya fi na kullum nauyi, domin Hajiya Baraka ta Daudawa za ta aurar da 'yarta bayan Sallah, tana neman wadda za ta ba aikin gara gaba ɗaya, cincin da dubulan da alkaki. Ta aiko cewa a gidan yayanta Alhaji Abdulgafar, dattijon unguwarmu, za ta yi Sallah, kuma a can za ta ɗanɗana kwanon Suwaibatu ta yanke shawara. Irin aikin da yayata ta daɗe tana roƙon Allah ke nan.

Shi kuwa Gide, sana'arsa acaɓa da dillancin duk abin da ya samu, amma fannin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne Abuja. Ya taɓa raka motar gawayi can, aka sauke kaya a bayan wani otal. Ana cikin sauke buhuna ya leƙa ta ƙofar ɗakin girki, ya hango wani mai doguwar farar hula yana fito da faranti daga tanderu, cike da 'yan ƙananan abubuwa gasassu masu ƙamshin yaji. Mai gadi ya kore shi kafin ya ƙara leƙawa. Wannan leƙe ɗaya shi ya yi ta girma a bakinsa. Da farko cewa yake ya gani. Daga baya ya zama tare suka yi. Zuwa bana, shi ne ya gyara wa mai farar hular hannu.

A goman ƙarshe na azumi, lokacin da yunwar la'asar take sa maza hirar abinci a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, Gide ya sanar da majalisa cewa zamanin cincin ya wuce. Ya ce zaƙi na yara ne; manyan mutane abu mai gishiri da yaji suke ci, gasasshe ba soyayye ba, ana ɗiba da yatsa uku ana maganar ƙasa. Ya yi alkawarin cewa bana babu gidan da Sallah za ta wuce bai ɗanɗana Haɗin Manya ba. Kamilu mai faci ya tambaye shi me da me ake zubawa. Gide ya ce sirrin otal ne. Kamilu ya ce to ƙofar gaba ta otal ɗin, wane launi ce? Gide ya ce manyan ma'aikata ta baya suke shiga. Sauran mazan suka jinjina kai, domin jinjina kai ba ya karya azumi, kuma ba daga ɗakin matansu za a ɗebi kayan ba.

Daga ɗakin Suwaibatu aka ɗiba. Gyaɗarta, botarta, barkononta, har da babban bahon da take kwaɓa fulawa. Ni ƙanwar mata ce, al'ada ta ba ni damar faɗa masa abin da matarsa ba za ta faɗa ba, don haka na tare shi yana fitowa da kwanon gyaɗa.

"Yaya Gide, abin nan ka ci shi a Abuja, ko dai ganin shi ka yi?"

"Ganin da na yi mashi ya fi cin wasu," in ji shi. "Ke da kika yi jami'a, an koya maku girkin otal?"

"A'a. An dai hana mu shiga jarrabawa kan littafin da muka hango ta taga."

"Shi ya sa har yau ba ki da babur."

Matsalarsa ta farko ita ce bai san sunan ko ɗaya daga abubuwan da ya hango ba, sai siffarsu. Ya tuna akwai wasu 'yan ƙwallaye, ya sayo busasshiyar aya. Akwai masu faɗi-faɗi, ya sayo konfilas. Akwai farare masu kumburi, ya gane gurguru ne, amma ya ce ɓata lokaci ne a fasa shi daban, masarar za ta fashe da kanta a cikin tanderu. Ya ƙara ɗanyen waken suya da ƙuli-ƙuli da busasshen burodi. Wani baƙin ruwa kuwa da ya ga ana yayyafawa daga kwalba, ya yi dogon nazari ya yanke hukuncin cewa daddawa ce aka jiƙa, Turawa suka sa mata kwalba.

Ranar jajibere da hantsi ya baje a tsakar gida. Ya narka bota, ya zuba barkono da hannu a buɗe, ya marmasa magi, ya watsa gishiri, ya cakuɗa. Ya ɗebo zai kai baki, sai ya tuna yana azumi. Suwaibatu, wadda take gefe tana yanka cincin ɗinta, ta ce a hankali ya bari sai an sha ruwa a ɗanɗana kafin a gasa. Ya ce tanderu ba ya jiran magariba. Ya ƙara gishiri don kada abin ya yi lami, ya ɗebi haɗin a ludayi, ya fita neman wanda ba ya azumi.

Ban taɓa ganin bincike mai haɗari irin wannan ba. Ya fara da Baba Salahuddeen, wanda duk unguwa ta san likita ya hana shi azumi saboda gyambon ciki, kuma duk unguwa ta amince ta yi kamar ba ta sani ba. Gide ya yi masa sallama a gaban jama'a, ya ce tunda Baba ba ya yi, ya taimaka ya lasa. Tsohon ya miƙe da sandarsa, ya ce tun kafin a haifi uban Gide bai taɓa shan azumi ba. Akwai sauran kunu a gemunsa, amma babu wanda ya gani. Daga nan Gide ya tsaya a zauren maƙwabciyarmu Larai, ya ɗaga murya yana tambaya ko a cikin matan gidan akwai wadda take hutun salla. Amsar ta fito ta saman katanga, muciya ce. Ya dawo dafe da kafaɗa yana cewa mutanen garin nan ba su son ci gaba. Ya dubi bahon, ya kasa tuna ko ya sa gishiri, ya sake sawa.

Da azahar ya ɗaure bahon a bayan babur, sai gidan burodin Mani. Tanderun Mani na ƙasa ne, da itace ake hura shi, a ranar kuwa ya ɗauki zafi sosai saboda burodin Sallah. Mani ya ce a bari a kwashe burodi, wuta ta lafa. Gide ya ce a Abuja wutar da ake gashi da ita har shuɗi take yi. Mani ya ce nan Ƙanƙara ce. Gide ya jira Mani ya tafi alwala, ya juye haɗin a manyan farantan ƙarfe, ya tura su kusa da burodin mutane, ya rufe baki.

Masarar ce ta fara magana. Ɗaya ta fashe, wata ta bi ta, sai tanderun gaba ɗaya ya ɗauki tatata ba ƙaƙƙautawa. Mu mutanen wannan yanki mun daina tsayawa tambaya idan muka ji ƙara mai kama da wannan, kuma ba laifinmu ba ne. Nan da nan masu shaguna suka ja ƙofofi, mai kankana ya bar baronsa a tsakiyar titi, Kamilu ya shige ƙarƙashin motar da yake wa faci, Mani ya dawo a guje da ƙafa ɗaya wankakkiya. Shi kansa masanin tanderun Abuja, a bayan tarin itace aka same shi kwance yana salati. Da aka gane daga inda ƙarar take fitowa aka buɗe tanderu, sai hayaƙin barkono da daddawa ya fito ya gama da waɗanda ƙarar ta bari. Layi guda ya ɗauki tari da atishawa, mutane suna neman malami su tambaya ko hayaƙi yana karya azumi. Burodin Mani kuwa babu wanda bai sha yaji ba.

Abin da aka kwaso daga tanderun ba shi da suna a Hausa. Konfilas ya zama toka, aya ta zama tsakuwa, rabin masara ta fashe rabi ta ƙi, waken suya kuwa bai ma san an gasa shi ba. Gide ya karkaɗe rigarsa, ya ce ainihin launinsa ke nan, ƙarar kuma alama ce ta cewa ya nuna.

Da aka kira magariba ya ci dabino, ya ɗebi haɗin da yatsa uku ya jefa a baki. Ina zaune ina kallonsa. Na ji sa'ad da haƙori ya gamu da aya. Idanunsa suka kawo ruwa, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya haɗiye da ƙyar, sannan ya jawo robar zoɓon gidan gaba ɗaya ya kafa kai. Da numfashinsa ya dawo ya ce ya yi daidai. Na miƙa hannu zan ɗiba, ya janye bahon, ya ce ba a cin sa sai ranar Sallah. Daga nan ya yi wani jawabi da ya kamata ya tsorata mu: ya ce ya yi tunani, shi ba mai son suna ba ne, kuma miji nagari matarsa yake ɗaukakawa. Suwaibatu ta ce Allah ya saka da alheri, ta koma kan kaskonta.

Da safe ta jera kwanukanta, ta cika kowanne da cincin, ta rufe, muka tafi Idi. Gide bai tsaya huɗuba ba. Ya riga mu gida, ya juye cincin ɗin a buhu ya ɓoye, ya cika kwanukan da haɗinsa, ya ɗora a babur ya bi gida-gida yana cewa ga saƙon uwargida. Lissafinsa a fili yake. Idan an yaba, kowa ya san wanda ya je Abuja. Idan an kushe, sai a juya kwano a ga koren ɗigo. A majalisa ma ya riga ya share hanya, ya ce shi gashi kawai ya yi, haɗin daga cikin gida ya fito, kuma an san mata da gishiri. Da muka dawo muka tarar an gama rabo, har godiya yayata ta yi masa, ta ce tun aurensu bai taɓa ɗauke mata ko faifai ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne yadda kwano yake tafiya ranar Sallah. A garinmu ba a zubar da abincin Sallah, ba a kuma mayar wa mai shi. Abin da ya shigo maka ta gabas, idan ya yi maka yawa, sai ka miƙa shi yamma da sunan zumunci. Larai ta ɗanɗana, ta sha ruwa, ta rufe ta aika gidan liman. Matar liman ta ɗanɗana, ta yi istigfari, ta aika gidan Baba Salahuddeen. Baba ya shinshina kawai, gyambonsa ya gane mai shi, ya aika gidan Kamilu. An ce a wani gida har awaki aka gwada, suka duba suka koma kan ledarsu. Kuma da yake kowa yana so a ga ladabinsa, duk kwanon da ya gaji da yawo ƙarshensa gidan babba, wato gidan Alhaji Abdulgafar.

Maganar ta riga kwanukan nisa. Kafin azahar an buga waya garin Mairuwa, an buga garin Damari, an ce hannun Suwaibatu ya lalace. Wasu suka ce girman kai ne ya kama ta, wasu suka ce kwaikwayon birni, wata ta ce dama can ana yabon ne don kunya. Babu wanda ya ce Gide, alhali rabin masu maganar jiya-jiya suka gama tari a layin Mani.

Da la'asar muka tafi gaisuwa. Hajiya Baraka tana zaune kan darduma a rumfar tsakar gida, Alhaji yana kan kujerarsa, maza suna shigowa suna durƙusawa, mata suna gefe. A gaban Hajiya kwanukan yayata ne a jere, ba ɗaya da ya yi saura, kamar jeren ɗakin amarya. Suwaibatu ta buɗe na kusa da ita, ta duba, ta mayar da murfi. Ban taɓa jin murfi ya sauka a hankali haka ba.

"Suwaiba," in ji Hajiya, "wannan daga hannunki ya fito?"

Yayata ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa. A tarbiyyar da aka yi mana, mace ba ta tona mijinta a gaban dattawa, ko da aikin da take mafarki yana zamewa daga hannunta tana kallo.

"Kwanukana ne, Hajiya," ta ce.

Na buɗe baki, ta take mini ƙafa. Gide ya yi gyaran murya, ya roƙi a yi mata afuwa. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa ya nuna mata, amma koyon abin birni sai a hankali.

Hajiya Baraka ta dubi Gide. Ta dubi Mani, wanda ya zo gaisuwa da idanu jajaye. Ta dubi Baba Salahuddeen, wanda yake murza sandarsa. Sannan ta tsinci ƙwaya ɗaya daga kwanon, ta tauna a hankali, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta juya wajen yayanta ta ce abin mamaki, irin abin da take nema ke nan ta rasa. Dangin angon mutanen Abuja ne, cincin ba zai burge su ba. Ta ce ta yi niyyar duk wanda ya iya wannan haɗi, a ɗinka masa babbar riga, a kira sunansa a lasifika ranar ɗaurin aure. Amma tunda na Suwaiba ne, sai a sayo mata turmin zane, a bar maganar lasifika.

Gide ya daure. Ba zan hana shi wannan ba, ya daure har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Kalmar lasifika ce ta kayar da shi.

"Hajiya, yau Sallah, bai kamata in bar ki cikin duhu ba. Ita ko gishirin ba ta taɓa ba. Ni na auna, ni na haɗa, ni na gasa, ni na zuba a kwanuka. Ga Mani nan, shaida ne."

Mani ya ce shi shaida ne, burodinsa ma shaida ne. Baba Salahuddeen ya ce a sa shi a layin shaidu. Daga ɓangaren mata Larai ta ce muciyarta ma tana da magana.

"Madalla," in ji Hajiya. "To matso, ɗana. Ni mutuniyar Daudawa ce, ban san yadda manya ke cin shi ba. Zauna ka nuna mana. A kawar da butar nan daga kusa da shi, kada ruwa ya ɓata mashi ɗanɗano."

Ya zauna. Lomar farko ya yi ta da jawabi, cewa sai harshe ya saba. Ta biyu ya yi ta shiru. A ta uku aya ta sake samun haƙorin jiya, hawaye suka gangaro, ya ce murnar Sallah ce. Kamilu ya matso masa da wani kwanon, yana tuna masa cewa da yatsa uku ake ɗiba, kuma har yanzu ba a ji maganar ƙasa ba. Alhaji ya ce ya ci a natse, babu mai yi masa rowa, duk nasa ne. Da ya fara miƙa hannu wajen buta yana kasa magana, Hajiya ta ce ruwa yana nan, tambaya ɗaya ce tsakaninsa da shi: ina abin da mai kwanukan ta zuba da hannunta?

"Ƙarƙashin gado," ya ce, da wata 'yar murya da ba mu san yana da ita ba.

Bai jira buta ba. Ya yi kan randar gidan, ya tura kai, hularsa ta Sallah ta faɗa ciki. Dariyar da aka yi har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Larai ta tafi da kanta ta ɗauko buhun. Hajiya ta ɗebi cincin ta ci, ta ƙara, ta ƙulle wani a gefen mayafinta, sannan ta ce wa Suwaibatu a gaban kowa ta fara shiri, aikin nata ne. Alhaji ya yanke cewa Gide zai riƙa kawo itacen suya a bayan baburinsa har a gama biki, da sharaɗin ya sauke a ƙofar gida ya juya. Yayata ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Ta tattara kwanukanta, ta ce mini mu je, akwai wanke-wanke.

Sai dai ba kowa ne yake tsakar gidan Alhaji a ranar ba. A Mairuwa da Damari har yau ana cewa hannun Suwaibatu ya lalace, domin wayar da ta kai zargi ba ta koma da gyara ba. Shekaranjiya wata da ta saba ba ta aikin dubulan na suna ta aiko cewa ta samu wata. Gide kuwa ya koma gindin darbejiya, yana bayanin cewa harshen mutanen Ƙanƙara bai kai ba tukuna, maza suna dariya suna matsa masa wuri a tabarma. Shi yammaci ɗaya ya rasa da hula ɗaya.

Don haka ke da kika ɗauki waya ranar Sallah, da kai da ka ji a majalisa ka kai gida, na san kuna jina. Ku ɗauki wayar nan yau, ku kira duk wanda kuka gaya wa, ku ce masa kun yi kuskure. Kada ku ce an samu matsala, kada ku ce rashin fahimta ce. Ku faɗi sunan Gide a fili, yadda kuka faɗi na Suwaibatu. Ku kira yanzu, kafin ku sa wata lomar a baki.